Baba zai yi jinya a Koci: ya dace in kai shi ganin ruwan Kerala?

Ɗan Kwatar Yawuri:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa zuwa Indiya. In Allah ya kai mu farkon Janairu zan raka mahaifinmu garin Koci a jihar Kerala, za a yi masa aikin gwiwa. Likita ya ce bayan sallama sai mun ƙara wajen mako uku yana zuwa gashi, kuma a makon ƙarshe akwai kwanakin da ba mu da abin yi. Wanda ke yi mana hanya a can ya ce in kai shi wani gari da ake kira Alefi, wai akwai jiragen ruwa masu ɗakuna da ake kwana a ciki, ko kuwa in kai shi bakin teku.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Baba Basarke ne, a ruwa aka haife shi, a ruwa ya tsufa, ya fi shekara hamsin yana su a kogin Kwara. Irin wannan mutum zan biya kuɗi don ya ga ruwa? Ga shi kuɗin jinyar ma sai da muka sayar da gona. Amma kuma bai taɓa ganin teku ba, kuma ban san ko zai sake samun irin wannan dama ba. Me kuka gani?

Maman Hanifa BK:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a, ya sa kaffara ne.

Alhaji Na-Bunza:
Ni dai yaro ban ga abin zuwa ba. Wanda yat tashi bakin Kwara, mi za a gwada mai ga ruwa? Ku yi abin da yak kai ku, ku dawo gida. Kuɗɗin da za ka ba masu jirgi, ka saya mai magani da su. Magana ta ƙare.

Injiniya Argungu:
Alhaji, da girmanka, amma ba ta ƙare ba. Na yi shekara biyu ina karatu a kudancin Indiya, sau biyu na je Alefi, kuma a ganina mutum irin Baba shi ne ma ya fi cancanta ya je. Baturen da ke zuwa can hoto kawai yake ɗauka. Baba kuwa kallo ɗaya zai yi wa taru ya gane irin kifin da ake nema da shi.

Ɗan Kwata, ka fara riƙe wannan: a allon mota da na jirgin ƙasa ba za ka ga Alefi ba, Alappuzha suke rubutawa, gari ɗaya ne. Daga cikin Koci bai kai kilomita 60 ba, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota idan hanya ta cushe.

Ummu Sudais:
Don Allah a yi mana bayani, mu da ba mu fita ba. Ruwan nan kogi ne ko teku ne? Na ga hotuna, kamar fadamar Argungu da damina sai dai ga itatuwan kwakwa.

Malamin Jogurafi Jega:
Malama Ummu Sudais, ba kogi ba ne, ba kuma teku ba ne, tsakani yake. Kerala ƙasa ce siririya, tsawon gaɓarta ya kusa kilomita 600. Ta gabas duwatsu ne masu tsawo, ta yamma Tekun Larabawa. Jihar tana da koguna 44, kuma 41 daga cikinsu yamma suke gangarowa su nufi teku. To igiyar teku ta daɗe tana tara rairayi a bakin gaɓa har ya zama kamar shinge, sai ruwan kogunan ya rasa mafita sai ta 'yan ƙofofi, ya kwanta a bayan shingen ya zama tafkuna. Daga baya mutane suka haƙa hanyoyi suka haɗa tafki da tafki. In ka haɗa hanyoyin ruwan duka za su kai kilomita 900. Babbansu shi ne tafkin Bembanad, wanda ya fi kowane tafki tsawo a Indiya, kuma ta Koci yake haɗuwa da teku. Kusa da ƙofofin nan ruwan zartsi ne, da ka yi ciki sai ya koma ruwan daɗi. Saboda haka babu igiya, babu gudu irin na Kwara. Ruwa ne kwance.

Ummu Sudais:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Yanzu na gane.

Hajiya Inno ta Gwandu:
Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona, ɗana, don ni ma jinya ta kai ni, maigida na raka. Kwana ɗaya muka yi a jirgin. Ana shiga wajen sha biyun rana, a fito da hantsi washegari. Mutum uku ne ke aiki a ciki: matuƙi, mai kula da inji, da kuku. Akwai ɗaki da gado da banɗaki kamar na otal, gaba kuma rumfa ce da kujeru.

Ranar farko ban ji wani abu ba, gaskiya. Jirage sun yi yawa a mafita, hayaƙin inji, wasu sun saki kiɗa. Amma da asuba! Na fito yin alwala gari bai gama wayewa ba, sai na ji kiran salla daga wani ƙauye can tsallake, a ɗaya gefen kuma ana buga ƙararrawar coci. Kowane gida yana da matakalar dutse da ta sauka cikin ruwa, kamar yadda muke da dakali a ƙofar gida. Na ga wata mata tana buga wanki a kan dutsen, wata tana gyaran kifi da wuƙa mai lanƙwasa. Sai ga wani tsoho a ɗan kwale-kwale ya koro agwagi, sun fi ɗari biyar a idona, da gora ɗaya yake juya su kamar Bafulatani da shanu. Can anjima yara sanye da kayan makaranta suka taru a kwata suna jiran jirgin gwamnati. Maigida, wanda ya yi wata biyu ba ya son magana, ya zauna yana ta tambayar matuƙin nan da hannu da ka, don ba mai jin yaren wani. Ranar ne na fara ganin dariyarsa tun da muka bar gida.

Ba zan ce maka dole ba ne. Amma mai jinya ba magani kaɗai yake bukata ba.

Ɗan Kwatar Yawuri:
Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar agwagin nan kaɗai in na gaya wa Baba zai ce a tafi. Yaya maganar abinci da salla? Baba ba ya wasa da abin da zai sa a bakinsa.

Hajiya Inno ta Gwandu:
A jirgi kifi da shinkafa ne da ganye, ba abin damuwa. Akwai wani kifi da suke ji da shi, karimin suke ce masa, faffaɗa kamar karfasa, suna shafa masa yaji su naɗe a ganyen ayaba su gasa. Ka dai ce a rage yaji. Kuma komai nasu da man kwakwa ne, sai an saba. Idan matuƙi ya tsaya a wata rumfa ya ce ku ɗanɗana wani farin ruwa na kwakwa da suke kira todi, kada ku karɓa, bammi ne. Ruwan ɗanyar kwakwa da za a sare a gabanka, wannan daban ne, ku sha.

Ustaz Kamba:
Game da addini hankalinka ya kwanta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala Musulmi ne, kuma Musulunci ba da yaƙi ya shiga can ba, fataken Larabawa masu sayen masoro da citta ne suka kai shi ta teku. A garin Kodungallur, arewa da Koci kaɗan, akwai masallacin Ceraman, wanda mutanen wurin ke cewa an kafa shi tun shekarar 629 Miladiyya, suna lissafa shi a matsayin masallaci na farko a Indiya. Ibn Battuta ma ya bi ta gaɓar a ƙarni na 14, ya sauka Kalikat da Kollam. Idan ni ne, ko ban kai Baba ko'ina ba, zan kai shi wannan masallaci ya yi nafila.

Abu biyu ka sanar da shi tun daga gida don kada ya rikice. Na ɗaya, alƙibla can yamma take, ta ɗan karkata arewa, wato wajen teku za ku fuskanta, ba gabas ba. Na biyu, yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha. A cikin jirgi kuma ka yi amfani da wayarka ka duba alƙibla kowace salla, don jirgi juyawa yake.

Abba Zuru:
Ustaz ya manta bai ce ana cin naman shanu a Kerala ba. Ba kamar wasu jihohin Indiya ba ne. Soyayyen nama da wata gurasa mai ninki da suke kira farota, a shagunan Musulmi ko'ina akwai. Kuma kada ka ce za ka yi musu 'yan kalmomin da muka tsinta a finafinan Indiya, yarensu Malayalam ne, Turanci ya fi yi maka amfani.

Alhaji Na-Bunza:
To duk naji. Amma har yanzu ba wanda yac ce nawa a kuɗɗin. Yaron ga ya ce gona sunka saida.

Injiniya Argungu:
Tambayar Alhaji tana kan hanya. Jirgin kwana yana da tsada, kuma ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu ne lokacin da ya fi tsada a shekara, don lokacin ne baƙi ke cika garin. Amma ba dole sai shi ba. Gwamnatin jihar tana da jiragen haya na talakawa da ke zirga-zirga tsakanin Alefi da Kottayam da ƙauyukan ciki, kuɗinsu bai wuce na shayi da burodi ba. Hanya ɗaya suke bi da jiragen masu kuɗi, kana zaune da masu zuwa kasuwa da 'yan makaranta. Akwai kuma ƙananan jirage masu rumfa da ake haya awa biyu ko uku, su ne ma ke iya shiga lungunan da babban jirgi ba ya shiga. Kuma ka sani, jirgin kwana ba ya tafiya da dare. Wajen biyar da rabi na yamma ake ɗaure shi, saboda masunta ne ke da ruwan da dare, su ke zuba taru. Wato rabin kuɗinka na kwana ne a gefen gaɓa tare da sauro. Shawarata ku tafi da safe, ku yi hayar awa uku, ku koma Koci ku kwana.

Hajiya Inno ta Gwandu:
Injiniya, in sun yi haka asubar nan da na faɗa ta wuce su.

Injiniya Argungu:
Haka ne Hajiya. Sai dai su kwana a ƙaramin masauki a bakin ruwa, su yi sammako. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Nas Rabi Yelwa:
Ku yi haƙuri in shigo ta fuskar aikina. Kowa yana maganar kyan wuri, an manta gwiwa za a yi wa aiki. Mutumin da bai kai wata ɗaya da tiyata ba, shiga ƙaramin kwale-kwale da ke rawa haɗari ne gare shi, kuma zama ƙasa-ƙasa da gwiwa a naɗe ba zai yiwu ba. Jirgin haya na gwamnati ma ba ya daɗewa a kwata, da sauri ake hawa. Idan za a je, babban jirgi mai kujera da banɗakin zama ya fi, a kuma samu mutum biyu su riƙe shi wajen hawa da sauka. Kada ruwan tafki ya taɓa wurin ɗinki. Kafin komai, ka tambayi likitansa da mai gashin, abin da suka ce shi ne magana, ba abin da muka ce a nan ba. Sannan kada ka manta katin rigakafin shawara, ku biyun, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Kwatar Yawuri:
Anti Rabi wallahi wannan bai zo mini a rai ba sam. Na gode. To bakin teku fa? Shi ne ainihin abin da bai taɓa gani ba.

Abba Zuru:
Sunaye biyu za ka fi ji: Kobalam da Barkala. Kobalam tana can kudu kusa da babban birnin jihar, Tiribandram, tana da doguwar hasumiyar fitila mai ja da fari. Barkala kuma a kan tudu take, jan dutse ya tsaya a kan teku, kyau kam ba a magana. Amma duka biyun ban ba ka shawara ba. Sun yi nisa da Koci, tafiyar awa huɗu ko fiye. Barkala sai an sauka matakala mai yawa kafin a taka rairayi. Sannan nan ne Turawa ke shan rana da kayan wanka, ba inda za ka kai dattijo ba ne, kai ma kunya za ta kama ka a gabansa.

Ka kai shi Cerai, arewa da Koci, ko bakin tekun garin Alefi kansa da la'asar. Iyalai ne ke zuwa da kayansu a jiki, mata da lulluɓinsu, ana sayar da gyaɗa, yara na tsalle. In kana son inda ba hayaniya, Marari, kusa da Alefi, ƙauyen masunta ne.

Basarken Warra:
Marari ɗin nan nake so a ja layi a ƙarƙashinta. Ban je Indiya ba, amma na san abin da ke burge masunci. Ba rairayi ba ne, kwata ce lokacin da jirage ke dawowa. A kai shi ya ga abin da suka kamo.

Injiniya Argungu:
In haka ne ma ba sai an bar Koci ba. A tsohon garin, Fot Koci, akwai wata irin koma da suke kira komar Sin. An kafa ta a gaɓa da dogayen itatuwa, an rataya manyan duwatsu da igiya a baya don su daidaita nauyi. Mutum ɗaya zai taka kan itacen ya yi gaba, sai komar ta nutse a hankali. Bayan 'yan mintoci mutum huɗu ko biyar su ja igiya ta taso. Ana iya zama a benci a kalla har magariba, ba hawa ba sauka. Nan kusa kuma akwai cocin da aka fara binne Basko da Gama, Baturen Fotugal ɗin da ya iso gaɓar a 1498, ya rasu a Koci a 1524.

Kabawa Ba Tsoro:
Ni in na je sai na faɗa tekun nan. Wanda ya yi Kabanci, wato wasannin ruwa na bikin Argungu, a kogin Matan Fada, ya yi nutso ya kamo kifi da hannu, wane ruwa zai ba shi tsoro?

Direban Kwatano:
Ƙanena, janye wannan magana. Na yi shekara goma sha biyu ina bin hanyar Kamba, Gaya, Malanbil har Kwatano, kuma a gabana teku ta ɗauki wani yaron mota ɗan gari ɗaya da ni. Gwanin iyo ne na gaske, a gulbi ya girma. Ruwa iya ƙugu ya tsaya, muna kallo, ashe akwai wata hanya da ruwan ke komawa ciki da ƙarfi, ba a ganinta daga sama. Ya yi ta kokawa ya dawo gaɓa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Sai washegari masunta suka kawo shi. Daga baya suka ce mana in ta ja ka, ba a yin gaba da gaba da ita, gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinta. Kogi ka san inda ya nufa. Teku tana turowa tana janyewa a lokaci guda. In ka ga jar tuta a bakin teku, ko mai gadi ya busa usur, ka fito.

Kabawa Ba Tsoro:
Inna lillahi. Allah ya jiƙansa. Na janye, Yaya.

Direban Kwatano:
Amin. Kuma tunda an zo nan, ga masu son ganin irin wannan wuri ba tare da biza da kuɗin jirgin sama ba: a bayan Kwatano akwai tafkin Nokuwe, a cikinsa akwai garin Ganbiye, gari sukutum a kan turaku cikin ruwa, kasuwarsu ma a kwale-kwale ake cinta. Shi ma ruwan bayan teku ne kamar yadda Malamin Jega ya kwatanta. Badagiri ma haka take, ruwa kwance a gaba, ka tsallaka ka tarar da teku.

Manomin Suru:
Ni duk zancen ga, abu guda ni ka so in ji. Wani ya ce mani can ana noman shinkafa ƙasa da ruwa. Gaskiya ta ko zance na?

Malamin Jogurafi Jega:
Gaskiya ce Malam, yankin Kuttanad ke nan, a bayan Alefi. Gonakin sun fi teku ƙasa da mita ɗaya zuwa biyu, wani wurin ma fiye. Sun kewaye yankin tafki da ganuwar laka, sun dasa kwakwa a kai don saiwarta ta riƙe, sannan su zuƙe ruwan ciki da injin su shuka. Babban nomansu bayan damina ne, su girbe wajen Fabrairu da Maris, don haka a Janairu Ɗan Kwata zai tarar da ita kore shar. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan noma cikin gadon noma na duniya a 2013. A shekarun 1970 kuma an gina wata doguwar madatsa a Tannirmukkom da ake rufewa da rani don kada ruwan gishiri ya shiga gonaki. Manoma sun ji daɗi, amma masunta sun koka, domin kifi da jatan landen da ke shigowa daga teku sun ragu, ruwa ya daina wanke kansa, ciyawa irin kainuwa ta toshe hanyoyi.

Hajiya Inno ta Gwandu:
Na gani da idona. Kana cikin jirgi, kana leƙa gona a ƙasanka kamar kana kan soro.

Manomin Suru:
Ikon Allah. Mu ko a 2020 muna kallo ruwa yac cinye muna shinkafa tana gab da nuna. Da muna da irin ganuwag ga.

Malamin Jogurafi Jega:
Su ma ba su tsira ba. A Agustan 2018 ambaliya ta kashe mutum fiye da 400 a Kerala, Kuttanad kusan kwashe mutanenta aka yi gaba ɗaya, har filin jirgin saman Koci sai da aka rufe. Masuntan bakin teku ne suka ɗora jiragensu a manyan motoci suka shiga garuruwa suna ceto mutane daga kan rufin gidaje. Daminarsu farkon Yuni take sauka, kuma ba irin tamu ba ce da ake yi a ɗauke. Duk wanda za a ba ranar asibiti tsakanin Yuni da Agusta ya cire bakin teku daga lissafi.

Basarken Warra:
Maganar madatsa da masunta ta taɓa ni, don mu ma labarinmu ke nan tun da aka tare Kainji a 1968. Amma wata magana nake so in yi, kuma da nauyi a bakina. Mu a Warra, ranar 26 ga Mayu 2021 ba za ta fita ranmu ba. Jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe a tsakiyar ruwa, kaɗan suka fita. Ƙanwar matata tana ciki da goyonta. Tun ranar, duk wanda ya ce mini zai shiga jirgi, ko a ina ne, tambayata ɗaya: akwai rigar ruwa? Ɗan Kwata, kada ganin ƙasar waje ce ya sa ka saki jiki.

Injiniya Argungu:
Allah ya jiƙansu da rahama. Kuma ka yi gaskiya, can ma yana faruwa. A Mayun 2023 jirgin 'yan yawon buɗe ido ya kife a Tanur, arewacin Kerala, mutum 22 suka rasu, da yawansu yara, kuma lodi ya wuce ƙa'ida, ga shi bayan faɗuwar rana ne. Kafin ka biya, ka shiga jirgin da ƙafarka ka duba, ka ce a nuna maka rigunan ruwa da takardar rajista. Kada ka biya ɗan kamasho a tasha kuɗin jirgin da ba ka gani ba. Ni an taɓa nuna mini hoton wani, aka kai ni wani.

Ummu Sudais:
Abin da ke ci mini rai, me suka fi mu da shi? Muna da Kwara, muna da tsibirai a Yawuri da Ngaski, muna da Rigata, wato bikin tseren jirage na Yawuri, muna da bikin Argungu da ake yi tun 1934, har UNESCO ta karrama shi a 2016. Amma baƙo sai ya zo kwana huɗu ya tafi, sauran shekara shiru.

Injiniya Argungu:
Abin da suka yi ba wani sihiri ba ne. Jiragen kwanan nan asalinsu na dakon shinkafa da kayan yaji ne. Kettuballam suke ce musu, wato jirgin da aka ɗaure, don da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakon, ba ƙusa. Da motoci suka kashe musu kasuwa, sai a shekarun 1990 aka fara yi musu ɗakuna ana ɗaukar baƙi. Su ma suna da tseren jirage kamar Rigata, babbansa a Alefi ake yi, ya samo asali tun 1952, jirgi ɗaya matuƙa wajen ɗari. Bambancin, su baƙo yana da abin gani ko ba ranar biki ba.

Alhaji Na-Bunza:
Ku bari a samu tsaro da hanya tukuna. Wa za ya zo kwana cikin jirgi inda mai gari bai kwana da ido biyu rufe ba?

Ummu Sudais:
Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci, Alhaji.

Ɗan Kwatar Yawuri:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha na zauna na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan gonakin da ke ƙasa da ruwa ya ce in maimaita. Da na zo kan madatsa da kukan masunta, sai ya yi shiru, can ya fara ba ni labarin gungun da aka haife shi, wanda ruwan Kainji ya shanye yana saurayi, har da inda tsamiyar ƙofar gidansu take. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Jirgin kwana ya ce a bar shi, ya kwana a jirgi iya kwana. Komar Sin da kwatar masunta kuwa ya ce ko a keken guragu ne a kai shi. Yayana kuma yana bayan Alhaji Na-Bunza, ya ce ko sisi kada a taɓa sai an ga yadda aiki ya kasance. A nan muka tsaya. Baba ya ce in tambaya: akwai dorina a ruwan nasu? Kuma akwai giwan ruwa?

Malamin Jogurafi Jega:
A gaishe da Baba. Babu dorina a dajin Indiya ko ruwanta, sai a gidan zu. Giwan ruwa ma kifin Afirka ne, amma yana da ɗan'uwa a can da suke kira kalanci, mai shiga tsakanin teku da ruwan zartsi. In ya gan shi a kwata zai rantse giwan ruwa ne.

Nas Rabi Yelwa:
Keken guragu ba ya tafiya a rairayi, ka nemi inda aka yi daɓe har kusa da ruwa. A Fot Koci akwai.

Manomin Suru:
Ɗan Kwata, in Allah ya sa kun tahi Kuttanad ɗin, don Allah ka ɗauko mani hoton injin da su ka zuƙe ruwa da shi, da yadda sunka yi ganuwar. Kusa-kusa, yadda ni ka ganin laka da itacen.